Injin da Aka Ce Ya Mutu

Shekara goma sha bakwai na yi ina tuƙa a-kori-kurar gonar kaji, kuma a tsawon shekarun nan inji bai taɓa ajiye ni a hanya ba. Taya ta sha fashewa, kuloci ya ƙone sau biyu, wani dutse ma ya taɓa tsarge mini gilashin gaba. Amma inji, ko sau ɗaya. Ranar da aka ciro shi daga cikin motar, mita tana nuna kilomita dubu ɗari shida da arba'in da 'yan kai, kuma da ƙafarta motar ta shiga gareji, ba janta aka yi ba.

Direbobi suna kirana Kunkuru. Ƙwai nake ɗauka, wani lokaci 'yan tsaki, kuma wanda ya goya kiret ɗari uku na ƙwai ba ya tsere da kowa. In sun zo wuce ni sai su leƙo ta taga su ce, "Kunkuru, in ka isa baɗi ka gaida mutanen can!" Ni dai hannu nake ɗaga musu. Da yawansu na sha tarar da su a gaba, a gefen titi, murfin inji a buɗe, suna yi masa fifita da hula.

Ba wani asiri nake da shi ba. Kullum da safe sai na duba ruwa da baƙin mai, in murza man tsakanin yatsu in ji ko akwai tsakuwa-tsakuwa a ciki. In na tayar da ita sai na bar ta ta ɗumama kafin in taka totur. Ban taɓa zuba mata dizal na gefen hanya ba, kuma ba na jiran baƙin mai ya cika kwanansa kafin in sauya. Maigida, mai gonar, ya san haka. Ya kan ce mini, "Motar nan taka ce, takardun ne kawai nawa."

Mai yi mata sabis shi ne ƙanin matata, wanda duk dangi ke kira Auta. Ni na kai shi gaban Maigida lokacin da ya buɗe garejinsa ba shi da ko mai leƙowa. Ni na ce hannunsa na da albarka, ni na ce a duk masu riƙe sifana babu mai kunnen inji kamarsa. Kuma ba ƙarya na yi ba. Auta ya iya aiki. Ko yau aka tambaye ni, haka zan ce.

Sai Maigida ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Babbar 'yarsa ta baro aikinta ta dawo ta riƙe gonar. A cikin wannan motar nake kai ta makaranta tana ƙarama, ƙafafunta ba sa kaiwa ƙasa. Yanzu ma'aikata suna ce mata Manaja, ita kuma har gobe Baba Direba take ce mini. Ba ta da girman kai, ba ta da ƙiwa. Matsalarta ɗaya: abin da ba ta sani ba, tana tambayar wanda aka ce mata ya sani, ta kuma riƙe amsarsa gam.

Wata safiya ta tsaya a bayan motar ina ɗumama ta, ta ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita daga salansa.

"Baba Direba, wannan hayaƙin fa?"

Na ce, "Tsufa ne, ranki ya daɗe, ba ciwo ba. Zoben fistin ne suka saki, sai nozul masu fesa mai da ke son sauyi. Kwana huɗu Auta zai yi ya gama, ta sake ba mu wasu shekarun."

Ta ce to mu je ta ji daga bakinsa.

Garejin Auta rumfar kwano ce doguwa, da rami a tsakiya inda ake shiga ƙarƙashin mota. Ƙasan wurin ya sha baƙin mai har ya zama kamar kwalta. Daga gefe akwai ƙarafa uku da aka haɗe kansu, sarƙar ɗaga inji tana reto a tsakani, sai wata tsohuwar kujerar mota da ake ba baƙi. A kanta Manaja ta zauna. Auta ya sa na tayar da motar. Ya kasa kunne, ya zagaya, ya tara tafin hannu a bakin salansa ya sansana. Sannan ya goge hannu da tsumma a hankali, yana girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa.

"Ranki ya daɗe, gaskiya ɗaci gare ta. Injin nan ya gama aikinsa. In na buɗe shi, wahalar banza za a yi. Yau a sa zobe, gobe wani abu ya ɓalle. Gara a sauke shi a ɗora wani."

Na zaci ban ji daidai ba. Na ce, "Auta, ba kai ba ne makon jiya ka ce injin nan sai ya ga bayanmu duka?"

Ya yi dariya, irin dariyar da muka saba yi tun yana zuwa gidana cin abinci. "Haba Yaya, ai wasa nake maka, don na san yadda kake ji da shi." Ya juya wajen Manaja. "Yaya ya ɗauki motar nan kamar 'yar cikinsa. Uba kuwa ba ya ganin furfurar ɗansa."

Na fara bayani, ina lissafa mata abin da na sani: ba ya ƙara, ba ya zafi, bugu ɗaya yake tashi ko da sanyin safiya. Ta saurare ni har na gama, don tana da ladabi. Sannan ta ce, "Baba Direba, ba kai ka gaya wa Baba cewa babu mai kunnen inji kamarsa ba?"

Ni na faɗa. Da bakina na saƙa igiyar, ga shi an ɗaure ni da ita.

Bayan kwana biyar injin da za a ɗora ya iso. Na hannu ne, an ciro shi daga wata motar da babu wanda ya taɓa gani. An wanke shi, an fesa masa fenti ruwan azurfa har kan notuna, har kan dattin da ke maƙale a lunguna. Ya fi nawa girma, ga wayoyi ko'ina kamar saƙar gizo.

Na ce, "Kilomita nawa ya yi?"

Auta ya ce, "Bai kai dubu tamanin ba. Sabo ne fil, amarya."

"Wa ya gaya maka? Inji ba ya zuwa da mita a goshinsa."

"Yaya, ka bar wa masu aiki aikinsu."

Amaryar ba ta shiga ɗakin ba sai da aka rushe bango. Ƙafafun da inji ke zama a kansu ba su dace ba, aka yanke, aka yi walda. Bututun salansa bai kai ba, aka yi masa ƙari. Wayoyin da aka rasa inda za a kai su aka naɗe da baƙin salatif aka cusa a gefe. Lagireto kuwa, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, tsohon aka bari, wanda aka yi don ƙaramin inji. Na nuna masa. Ya ce zai ɗauka. Aikin da aka ce mako guda sai da ya ci mako uku.

Nawa injin yana kusurwar gareji a kan tsohuwar taya. Manaja ta tambayi yadda za a yi da shi, Auta ya ce masu sayen tsofaffin ƙarafa za su zo su auna su kwashe. Ranar da na je ɗaukar motar na ɗaga tamfol ɗin da aka rufe shi da shi. Duk wata kafa da ƙura za ta iya shiga an toshe ta da tsumma mai tsabta. Na tsaya ina kallo. Ba a yi wa ƙarfen awo irin wannan gata. Zuciyata ta gaya mini wani abu, na ce mata ta yi shiru, don mutumin nan kawun 'ya'yana ne.

A gida na yi wa uwargida zancen. Tana ninke kayan wanki a bakin gado, ba ta ko ɗago ba.

"Kai dai Malam ba ka son sabon abu. Takalmin nan naka ma sai da na ɓoye shi kafin ka yarda ka sayi wani."

"Takalmi daban, inji daban."

"To Auta zai cuce ka ne? Kai ka tsayar da shi da ƙafafunsa."

Na ce ban ce zai cuce ni ba.

Gaskiya sabon injin yana da ƙarfi. Ka ɗan taɓa totur sai motar ta zabura kamar an tsikare ta, har sai da na koyi taka shi da yatsan ƙafa don kada ƙwai su fashe. Amma ina jin zafi yana bugo ƙafafuna ta ƙasa, ina jin warin ƙarfe mai zafi in na tsaya. Allurar da ke nuna zafin inji kuwa, da an kunna mota sai ta hau tsakiya ta zauna, ko hawa ake ko gangara, ko safiya ko tsakar rana.

Na koma wa Auta na ce allurar nan ba ta motsi. Ya ce haka na zamani suke, ba sa rawar kai. Na gaya wa Manaja. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ka ba shi lokaci, za ku saba."

Mako na shida aka aike ni ɗauko 'yan tsaki dubu biyu daga wurin ƙyanƙyasa, tafiyar awa uku. Lokacin zafi ne sosai. Na isa da wuri, amma ba su gama yi musu rigakafi ba sai wajen ƙarfe goma da rabi. Kwali arba'in, hamsin-hamsin a kowanne, aka jera mini a baya ƙarƙashin rumfar raga. Ɗan tsako kwana ɗaya ba ya jure zafi. Muddin mota na tafiya iska na ratsa kwalayen, lafiya lau. In ta tsaya a rana, to sai dai addu'a.

Akwai wani dogon hawa a hanyar, wanda tsohon injina ke haye shi a giya ta uku yana gunaguninsa. Ina tsakiyar hawan na ji ƙarfin motar ya ragu. Na dubi allura, tana tsakiya abinta. Sai wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika gaban motar, kafin in gama sauka gefen titi tururi ya turnuƙe gilashi. Na kashe ta. Da na buɗe murfin, ruwa na tsiyaya ta gefen kan injin, baƙin mai ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara. Gaskit, shimfiɗar da ke hana ruwa haɗuwa da mai, ya ƙone. Ko an cika ta da ruwan kogi ba za ta tashi ba.

Sha biyu saura. Babu gida, babu rumfa. Itace ɗaya ne, can ƙasa da titi, taku wajen ɗari biyu, shi ma ganyensa bai taka kara ya karya ba.

Na kira Auta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira Manaja, ta ce za ta nemo mota ta turo. Na san ko yanzu motar ta taso sai ta yi awa biyu.

Na fara jidar kwalayen bibbiyu zuwa gindin itacen. In sauka, in ajiye, in buɗe murfi, in hawo da gudu. Shekarata hamsin da takwas a lokacin. Wani mai babur ya tsaya, bai tambaye ni komai ba, ya kama jida tare da ni, ya kuma ba ni gorar ruwansa. Ban sha ba. Na riƙa tsoma yatsa ina ɗiga wa 'yan tsakin a baki ɗaya bayan ɗaya, ga su ɗari-ɗari sun buɗe baki suna haki, fukafukai a saki. Gora ɗaya me za ta yi wa dubu biyu?

Wanda bai taɓa ɗaukar 'yan tsaki ba bai san ƙararsu ba. Kukansu yana cika kunne har ka daina jin tunaninka. A ranar ina tsaye a kansu kukan ya riƙa raguwa. Kwali ya yi shiru, na kusa da shi ya yi shiru. Na cire rigata ina yi musu fifita, mai babur yana yi da hularsa. Da motar da aka turo ta iso, abin da ya rage da rai bai kai ɗari bakwai ba. Sauran na kwashe su da hannuna na zuba a buhunan abincin kaji. Ba su da nauyi ko kaɗan. Buhu guda cike, sai ka ɗaga shi da hannu ɗaya.

Washegari aka kira ni ofis. Ɗaki ne ƙarami a jikin sito, da fanka mai ƙara da kalandar masu sayar da maganin kaji. Auta ya riga ni zuwa, shi ya je ya jawo motar tun jiya da yamma. Manaja na zaune, idanunta sun kumbura.

Auta ya ce, "Ba na son in faɗa, don yayana ne. Amma lagireton nan a bushe na same shi. Yaya ya saba da tsohon inji mai haƙuri, ko an manta da ruwa zai lallaɓa. Na zamani ba ya yafiya."

Na ce, "Ni? Ni ne zan manta da ruwa? Shekara goma sha bakwai, Auta. Ruwan ya bushe ne don ya tafasa ya fita, ya tafasa ne don lagireton ya yi masa kaɗan. Kuma allura ba ta nuna ba, sau nawa na gaya maka?"

"To mu je a duba allurar," in ji shi, a sanyaye.

Muka fita mu uku. Ya murɗa makulli. Allurar da ta yi mako shida a kafe a tsakiya, yau ga ta kwance a ƙasa inda ake nuna sanyi. Ya taɓa wata waya a jikin injin, ta yi tsalle ta hau sama, ya saki ta dawo. Na leƙa. Sabon salatif ne a kan wayar, ko ƙura bai ɗauka ba.

Na ce, "Jiya ka gyara ta."

Ya dubi Manaja kawai, ya ɗan sunkuyar da kai, irin na wanda ke jin kunyar abin da babba ke yi a gaban mutane.

Ba ta kore ni ba. Da ta kore ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Baba, shekaru sun ja, hanya kuma ba ta da tausayi. Ka huta haka. Sito yana son mutum mai amana." Ta miƙo hannu, na ɗora mata makullin.

Na je gaida Maigida a ranar. Yana kwance a falo, an jingina shi da matasai. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya yi alamar murza sitiyari yana tambayata da ido. Na ce, "Lafiya lau take, ranka ya daɗe." Me zan ce wa mutumin da ko ruwa sai an ba shi?

Na koma sito ina auna abincin kaji, ina jera kiret. Aka ɗauki wani direban. Motar ta koma garejin Auta sau biyu, ta fito sau biyu, a na uku injin ya buga gaba ɗaya. Aka tura ta bayan kejin kaji aka ajiye, tayoyinta suka sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Babu wanda ya zo ya ce mini, ashe ba laifinka ba ne. An ce ai tun ranar da na ƙona gaskit injin bai sake komawa daidai ba.

Wata uku bayan haka, ranar hutu da hantsi, aka aiko cewa Inna, mahaifiyar matata, ta yanke jiki ta faɗi. Muka ruga gidan. Muna ɗakinta ana shafa mata ruwa, aka ce Auta na tafe da mota. Tun daga bakin layi na ji ta. Ban ga komai ba tukuna, bango ne a gabana, amma na gane ƙarar injin. Kowane inji da muryarsa. Wannan na yi shekara goma sha bakwai ina jin ta fiye da muryar matata.

Wata a-kori-kura ce da ya harhaɗa, tsohon jiki da sabon fenti shuɗi. Muka ɗauko Inna muka sa ta a gaba. Auta ya shiga ya rungume ta, ya miƙo mini makulli ta taga.

"Yaya, kai ka ja. Ka fi ni sanyin hannu."

Na ja. Mata suna baya a kan tabarma suna salati, Inna na numfashi sama-sama a kafaɗar ɗanta, ni kuma ƙafata tana kan totur ɗin da ke amsa mini tun kafin in taka. Babu hayaƙi ko ɗis. Na sa giya ta uku, ya yi gunagunin nan nasa. Hawaye suka zubo mini, Auta ya ce, "Ka yi haƙuri Yaya, za ta tashi in sha Allahu."

Da muka isa asibiti aka shiga da ita ciki, na dawo inda muka ajiye motar na buɗe murfin. An goge lambar injin da dutsen wasa, wurin ya yi sumul. Amma sandar duba mai tana nan da wayar jan ƙarfe da na naɗa mata da hannuna shekara tara da suka wuce, lokacin da marikinta ya karye. Nozul huɗu sababbi suna ƙyalli.

Ina tsaye Auta ya fito. Ya ga murfin a buɗe, ya tsaya.

"Yaya, a nan? Inna na ciki."

"Injin da ya mutu ne wannan?"

"Wurin masu tsofaffin ƙarafa na saye shi. An riga an sallama musu. Na ga ba zan iya bari a farfasa shi ba, na tashe shi."

"Me ka sa masa?"

Ya shiga wasa da hularsa.

"Zobe da nozul," na ce. "Kwana nawa ya ɗauke ka?"

Ya dube ni ido cikin ido a karo na farko. "Yaya, kai shekara nawa kana tuƙa motar wani? Me ka fita da shi? Mutanen nan suna da gona, suna da gidaje. Ni inji ɗaya na ɗauka, wanda su da kansu suka ce ba sa so."

"Da 'yan tsaki dubu da ɗari uku. Da sunana."

"Wannan ban yi niyya ba," in ji shi. Ya juya ya koma ciki.

Na gaya wa uwargida a barandar asibitin. Na ga a fuskarta ta yarda da ni, kuma wannan bai sauya komai ba.

"To me kake so a yi, Malam? A ɗaure shi? Cikinmu ɗaya. Ka dubi Allah ka bari Inna ta tashi tukuna."

Na bari. Inna ta tashi, bayan mako biyar tana takawa da sanda. Sannan na shiga ofis na ce wa Manaja ina da magana. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Baba, Auta ya riga ya zo. Ya ce ya sayi inji irin namu na da, kuma ya san in ka ji ƙararsa za ka ce shi ne. Ya ce duk irinsu muryarsu ɗaya." Ta sassauta murya. "Na san ka shaƙu da motar nan. Amma ka daina sa abin a ranka, zai taɓa maka lafiya."

Na ce akwai wayar da na naɗa a sandar mai. Ta ce to, za ta duba. Ba ta duba ba, ko kuma ta duba ta tarar an sauya sandar. Ban sake tambaya ba.

Gona ba ta zama babu mota. Da Manaja ta gaji da neman ta haya kullum, sai ta yi yarjejeniya da mai a-kori-kurar da ta fi kusa, wanda ta riga ta sani. Yanzu kullum ƙarfe bakwai na safe Auta ke shigowa da shuɗiyar motarsa har ƙofar sito, ya ce, "Yaya, ina kwana, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa, in fara miƙa masa kiret.

Ba ya ɗumama ta. Yana murɗa makulli yake taka totur. Dizal kuwa duk inda ya samu yake zubawa. A wata na bakwai na fara jin wata 'yar ƙara a gaban injin, siririya, can ƙasa da sauran. Famfon ruwa ne ya fara cin kansa. Auta da kunnensa bai ji ba, don rediyo yake ƙurewa. Na san in aka bar shi, mako uku ko huɗu zai saki a hanya, injin ya tafasa, kan ya lanƙwashe, shi ke nan.

Kwana uku ina jin ƙarar nan ina miƙa kiret ban ce uffan ba. Na ce a raina, bari ya tsaya a tsakiyar dogon hawan nan da tsakar rana, ya ɗanɗana. Har na fara jin daɗin tunanin. A rana ta huɗu na kasa cin abinci. Na ture kwanon na ce wa uwargida, "Ki gaya wa ɗan'uwanki ya sauya famfon ruwa kafin mako ya fita."

Fuskarta ta washe. "Ka gani? Ai na san zuciyarka ba za ta bari ba. Zumunci ba wasa ba ne."

Na bar ta a haka. Ba don shi na faɗa ba.

Ya sauya famfon. Bai ce na gode ba, ni ma ban jira ba. Shekara biyu ke nan yanzu, motar ba ta taɓa fashin zuwa ba. Garejinsa ya cika da masu a-kori-kura, kowa na cewa a kai wa mutumin da ya tashi mataccen inji. Har rumfa ta biyu ya kafa.

Makon jiya Manaja ta zo ƙofar sito daidai lokacin da ya gama lodi ya ja mota. Ta bi ta da kallo har ta fita get.

"Kai, motar nan ta Auta akwai ƙarko," ta ce. "Da irin wannan injin muka samu tun farko, Baba, da ba mu sha wahalar da muka sha ba."

Na ce, "Haka ne, ranki ya daɗe."

Na koma ciki na ci gaba da ware fasassun ƙwai.